Alhamis Ɗin da Marigayi Baba Ya Ce Yana Nan Tafe

Ni mutum ne mai mantuwa, matata shaida ce, amma akwai wata Alhamis da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Ita ce ranar da na tara dattawa daga Yendi da Bawku a tsakar gidanmu na Salaga, muka zauna muna jiran isowar mahaifina, wanda da hannuna na taya aka saka shi a kabari.

Baba, wato Alhaji Mamuda, manomin doya ne. Ya rasu ana tsakiyar haƙa, ya bar gona a bayan gari, da rumbunan doya, da wata tsohuwar tarakta da ba ta tashi sai an tura ta. Ya kuma bar mutum biyu da kowannensu yake ganin shi ya dace ya riƙe gonar: ƙaninsa Baffa Iddirisu, wanda suka tsufa tare a cikin ƙasar nan, da ni, ɗansa na fari, wanda ya je boko ya dawo da tabarau (idona lafiya lau, na gayu ne). A gida Akawu ake ce mini. Da zolaya aka fara, ni na mayar da ita sarauta.

Dangi sun yarda ba za a raba gonar ba, mutum ɗaya zai riƙe ta a madadin kowa. Mahaifiyarmu, Mma, ta ce a bari sai ta fita takaba sannan a yanke. Ba zan ɓoye muku ba, ina son gonar nan kamar raina, duk da ban taɓa tara tsibin doya ɗaya da ya kwana a tsaye ba.

Ana cikin haka ofishin haraji suka sanar cewa duk mai sana'a mai rajista ta intanet zai riƙa shigar da bayanan harajinsa. Baffa kuwa tsakaninsa da waya sai gaisuwa. Tasa ƙarama ce mai maɓallai, in an kira shi nesa da kunne yake riƙe ta kamar za ta cije shi. Na ga dama ta zo har gida. Na miƙe a gaban kowa na ce ni zan zaɓo manhajar lissafin da za ta riƙe mana saye da sayarwa, ta kuma tura wa masu haraji abin da suke so. Na ce zamani ya canja, gona yanzu sai mai ilimi. Baffa ya gyara hularsa.

Manhaja uku na gwada. Ta farko ba ta motsi sai da sabis, mu kuwa a gona sai ka hau tudun gara kake samun sanda ɗaya. Ta biyu kyakkyawa ce, har ta yarda in rubuta ƙwarya a matsayin ma'auni (mu doya ba da kilo muke sayar da ita ba, ƙwarya ce, wato ɗari). Da ta tambayi sunan sana'a sai na rubuta Alhaji Mamuda, domin gonar ba ta da wani suna, a ofishin haraji ma sunansa ne, na kasa samun ƙarfin zuciyar zuwa in ce a cire. Ta ce in ba ta lambobin abokan ciniki. Na ari wayar Baba a wurin Mma, na sa mata caji, na kwashe duk lambobin da ke ciki na zuba. Akwai wurin shirya kai kaya, na ce bari in ga yadda yake. Na zaɓi kowa da kowa, na dangwala wata rana can gaba ba tare da na duba ba, na rubuta wani shirme a akwatin ƙarin bayani ina dariya ni kaɗai. Daga baya na gane don wata ƙasa aka yi manhajar, ba ta san masu harajinmu ba. Na goge ta daga wayata, na mayar wa Mma da wayar Baba. (Ku riƙe wannan wurin. Ni ban riƙe ba.)

Ta ukun mummuna ce, amma tana aiki ko babu sabis, kuma tana magana da ofishin haraji. Ita na zaɓa, na yi ta yawo da ita ina nuna wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Makonni suka wuce. Wata Litinin da tsakar rana ina cikin rumbun doya ni kaɗai, leburori sun tafi salla. Rumbun nan ko da rana duhu-duhu ne, da sanyi, da warin ƙasa. Sandar Baba tana jingine inda ya bar ta, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke ta. Sai wayata ta yi ƙara, a wurin da ban taɓa samun sabis ba. Saƙo ne. A sama, inda lamba take fitowa, babu lamba, sai suna kawai da manyan baƙaƙe: ALHAJI MAMUDA. Da Turanci yake, amma ga ma'anarsa: Alhaji Mamuda yana nan tafe wurinka ranar Alhamis, ka kasance a shirye.

Na nemi inda zan danna in kira, babu. Zabin da suke ta surutu a bayan rumbu suka yi tsit lokaci ɗaya. Na dubi sandar, na ga kamar ba a gefen da na san ta take ba. Da baya-baya na fita, na hau babur, sai da na kusa shiga gari na lura takalmina ɗaya ne a ƙafa.

Ɗakin Mma na nufa, na ce ta ba ni wayar Baba. Ta buɗe akwati, ta warware hankicinsa, ta miƙo mini. A mace take, sanyi ƙalau, na danna har yatsana ya yi zafi ba ta kawo haske ba. Mma ta ce ita ma saƙon ya shigo mata, matata ta karanta mata. Daga haka ta ci gaba da jan carbinta.

Kafin la'asar kira ya fara shigowa. Hajiya Azara, mai sarin doya a Yendi, ta kira tana kuka, wai a shekaran jiya ta yi mafarkin Baba yana tsaye a bakin rumfarta. Sai Alhaji Seidu na Bawku, aminin Baba, wanda yake kawo mana albasa ya koma da doya. Ya ce, "Akawu, waya na ya yi kuka, yara sun karanta. Aboki na zai zo ya ɗauke ni. Ni na sani, tun da ya tafi jiki na bai daidai ba."

Baffa ma ya samu. Ya zo ya tsaya a zaure ya ce matattu ba sa aiko da saƙo, wannan aikin wayoyinku ne na zamani, in je in bincika. Na buɗe manhajar da na zaɓa a gabansa, na duba sama na duba ƙasa, babu komai. Ita waccan ta biyun ko a raina ba ta zo ba, domin a lissafina abin da aka goge ya mutu ke nan. Na cire tabarau, na dubi ƙanin ubana ido cikin ido, na ce masa ni da na yi karatu nake gaya masa, babu na'urar da take aika saƙo ba lamba, wannan abu ya fi ƙarfin waya. Ni ne kuma na kawo shawarar a tara malamai ranar Alhamis a yi sauka, duk wanda saƙon ya same shi ya zo, abin da zai faru ya same mu a wuri ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Salaga gari ne mai tsofaffin rijiyoyi, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, tun muna yara ake hana mu leƙawa. Na daina bin hanyar da suke. In ina tafiya sai in ji kamar jan takalmi a bayana, in na waiwaya ba kowa. Takalman Baba da ke bakin ɗakinsa, waɗanda na saba gani suna kallon waje, na tarar da su suna kallon ciki. Ni da a masallaci sai a sahun ƙarshe ake ganina, na koma bayan liman. Ranar Laraba wani saƙon ya sake shigo wa kowa, gajere: gobe ne.

Alhamis bayan azahar tsakar gida ta cika. Hadari ya haɗu amma ba iska, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Hajiya Azara ta zo da mutanen Yendi mota guda. Alhaji Seidu ya iso a galabaice, ya baro Bawku tun jiya, rungume da wata jaka da bai yarda kowa ya karɓa ba (likkafaninsa ne da ya zo da shi daga Makka). Mma tana ɗakinta, labule a sake. Malamai suka fara karatu. Ni ina gaba, na sunkuyar da kai, ina amsa amin da ƙarfi fiye da kowa.

Ana tsakiyar karatu, duk wayoyin da ke gidan suka yi ƙara tare. Na aljihu, na cikin jaka, na ɗaure a bakin zane, har da wadda ke bayan labulen Mma. Malamai suka tsaya cak. Ba wanda ya taɓa tasa. Can Baffa ya zaro ƙaramar wayarsa, ya miƙo mini da yatsa biyu, ya ce, "Akawu, kai ne mai karatu. Karanta mana."

Na karanta: Alhaji Mamuda ya iso.

Wata mata ta yi salati. Kowa ya juya ya zuba wa ƙofar zaure ido. Mun daɗe a haka. Ba wanda ya shigo.

Baffa ya ce ya ga rubutun da tsawo, in ƙarasa. Na gangara ƙasa. An rubuta: kaya, doya ƙwarya ɗaya. A ƙasan wannan akwai ƙarin bayani, kuma ba da Turanci yake ba. Da Hausa yake, Hausata. Na so in tsallake, amma rubutun yana hannun kowa, malamin da ke kusa da ni ma ya riga ya buɗe tasa yana motsa baki. Haka na karanta da muryata, a gaban dangi da baƙi: "Gwaji ne kawai. In Baffa ya ga wannan cewa zai yi aljanu ne, ƙauyanci ya yi masa yawa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuma ni ne a sahun gaba, ba bayan wanda zan ɓuya. Baffa ya karɓi wayarsa, ya goge ta da gefen riga, ya ce a hankali, "Lallai aljani ne. Mai tabarau."

Alhaji Seidu ne ya fara motsi. Ya ajiye jakar nan tasa a ƙasa karo na farko, ya ce, "To doya ɗin fa? Ni na bar albasa na a kasuwa, na yafe ma mutane da ban so yafe ba, na zo da likkafani. Ka ba ni ƙwarya na in tafi gida." Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da suka ga mutuwa ta wuce su, wasu har da hawaye. Baffa ya sa aka loda wa duk wanda ya zo daga nesa doya, ya ce a cire daga rabona.

Da yamma na shiga wurin Mma in ba ta haƙuri. A gefen gadonta na ga kwanon Baba a rufe. Ƙamshin ya gaya mini sakwara ce da miyar zabo, abin da ya fi so. Ɗakinsa ma ita ta share, ita ta juya takalman. Ta ga inda idona yake, ta ce, "Na san ba ya dawowa. Hannuna ne ya dafa." Wannan ya fi duk dariyar tsakar gida yi mini ciwo. Na ce ta kawo wayarta in goge saƙonnin. Ta ce in bar mata su.

Da ta fita takaba ba a ma yi doguwar magana ba, Baffa aka miƙa wa makullan rumbu, ni ma ban ɗaga hannu ba. Na nemo kamfanin manhajar nan na rufe asusun, na je ofishin haraji na faɗa da bakina cewa Alhaji Mamuda ya rasu, aka canja suna. Yanzu ni akawun Baffa ne na gaske. Duk lokacin tura bayanan haraji kusa da ni yake zama, kafin in danna komai sai ya tambaya wa da wa abin zai je wa.

Na koyi cewa goge abu daga waya ba ya kashe shi, kuma akwatin da ka rubuta shirme a ciki kana dariya kai kaɗai, wata rana kai za a ba ka karanta a gaban malamai. Saƙonnin suna nan a wayar Mma har yau. Wani lokaci in gida ya yi shiru takan miƙo mini ta ce in karanta mata na farkon, wanda ya ce yana nan tafe. Nakan karanta mata yadda yake, ba na yin wani bayani.