Tubalin Jamusawa a Ƙarƙashin Randar Iya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da dattawan unguwar Briqueterie suka zo ganin tubalin da na sanar a rediyo.

Lokacin an ba ni gwajin wani ɗan shirin Hausa kan tarihin unguwanni, in ya karɓu a bar mini shi. Na fara da unguwarmu, wadda ta samo sunanta daga wurin gasa tubali na zamanin Jamusawa. Ina cigiyar tsofaffi, sai matata ta ce ga kakarta Iya Dudu, a nan aka haife ta.

Na ajiye na'urar ɗaukar murya a gaban Iya. Ta dube ni ta ce, "Angona, ka ga randar can? Tubalin da take zaune a kai shi ne na farko da Jamusawa suka gasa. Hannu da hannu suka ba kakana."

Matata tana tsakar gida tana ta tari. (Na ɗauka hayaƙin murhu ne.) Ni da na tashi ina wasa da kakata, na manta cewa tsohuwar da ta kira ka angonta ba shaida take bayarwa ba. Ban ko leƙa ƙarƙashin randar ba. Na karanta zancen da muryar labaran duniya.

Bayan sallar Juma'a dattawa suka yi sallama, har da shugabana na gidan rediyo daga unguwar Tsinga. Aka ɗaga randa. Bulon siminti ne, da ragowar shuɗin fenti irin na bangon banɗakin gidan.

Alhaji Sule tela ya ce, "Malam, ashe Jamusawan har fenti suka bar mana?"

Iya ta leƙo daga ɗaki. "Ku ƙyale mini miji. Tun da ya shigo gidan nan ko goro bai taɓa kawo mini ba, kuma yana son tarihi."

Na tsaya ina jiran hukunci. Amma dariya na lafawa, gardama ta kaure: ina ainihin wurin gasa tubalin yake, ta wace hanya fatake suka shigo, wane mahauci ya fara kafa tukubar soya, wato tsire. Shugabana ya matso ya ce a hankali, "Kunna na'urarka."

Shirin da ya biyo baya na buɗe shi da neman afuwa, sauran kuma muryoyinsu ne. An bar mini shirin.

Yanzu ba na zuwa wurin Iya sai da goro. In ta ce "ɗan nan", ina ɗaukar muryarta. In ta ce "angona", ina kashe na'ura.