Ƙafar Tau Dariyao da Iyayen Ɗage Zama

Ranar Litinin na ɗauko Tau Dariyao, yayan mahaifina, a babur daga ofishin lauyan tsofaffin sojoji a Rohtak. Muna daf da ƙauye na ji ƙauri, na zaci wani ne ke gasa masara a bakin hanya. Ashe diddigen Tau ne a kan salansa. Shi kuwa yana ta zuba mini labarin bakin daga, bai ma ji ba. Ciwon suga ya daɗe da kashe masa tafin ƙafa, ga shi ba takalmi.

Tsohon Saje ne. Ranar da ƙungiyarsu ta kai ƙara, ya tsaya gaban haikalin ƙauyenmu ya tuɓe takalmansa, ya yi alwashin ba zai sake sa su ba sai an daidaita fansho. Maganar ba ta da wuya. Maƙwabcinmu Bhalle Ram, wanda Tau ya koya wa saɓa bindiga, shi ma a Saje ya yi ritaya, shekarun aikinsu ɗaya, amma fanshonsa ya fi na Tau nesa ba kusa ba. Laifin Tau shi ne ya riga shi tsufa.

Tsofaffin suka ce tsarin mulki ya hana irin wannan bambanci. Lauyoyin Masu Girma na gwamnati, Allah ya ƙara musu basira, suka ce ai tsarin mulki yana matuƙar son daidaito, amma tsakanin masu kama da juna, kuma Sajen zamanin baya ba ya kama da Sajen yanzu. Gaskiyarsu. Harsashin zamanin Tau mai ladabi ne, sai ya yi sallama kafin ya shiga jiki.

Daga nan fa sai ɗage zama. Yau Mai Girma Uban Kwamiti na nazari, gobe Mai Girma Sarkin Nazari ya tafi ƙasar waje ganin yadda ake nazari. Kuɗin jirgin bai taɓa saɓa wa tsarin mulki ba.

Da muka isa gida, matarsa Tai Bhateri ta ga ƙafar ta ɗora hannu a ka.

"Kai dai tsohon nan ka cika taurin kai. Alƙalin ya san kana yawo ba takalmi? Shi da safa yake kwana."

"Ba da alƙali na yi alkawari ba," in ji Tau.

Bhalle Ram ya leƙo ta katanga da kofin shayinsa. "Tau, don girman Allah ka sa takalmi. Ni zan tsaya maka, in cire nawa."

"Kai da ka fi ni fansho? Ka cire, mutane su ce rowa ce."

Na yi dariya, amma raina a ɓace yake. Mutumin nan ya yi gadin iyaka cikin ƙanƙara ya dawo da yatsunsa goma cif, sai a ƙofar kotu zai bar su.

Jiya ƙafar ta yi baƙi, muka kai shi asibiti. Likita ya duba, ya ce ƙunar ta tarar da tsohon gyambo, za a yanke daga ƙasan gwiwa ranar Alhamis. Saboda sabo na tambaye shi ko za a iya ɗagawa zuwa bayan hutu. Ya dube ni kamar na sha wani abu. Ashe akwai sauran ma'aikata a ƙasar nan da ke sa rana su cika.

Tai ta share hawaye ta ce, "To yanzu dai alwashi ya faɗi ko? Ka sa wa ɗayar takalmi."

Tau ya gyara gashin bakinsa. "Da ƙafa biyu na rantse. Wadda ta rage za ta ci gaba da jira."

Don haka, Masu Girma, ranku ya daɗe, kada kowa ya gaggauta ku, ku yi nazarinku a tsanake. Ina dai tuna muku ne cewa saura ɗaya gare shi.