'Yan Dakon Jinin Alhaji Tsalha

Alhaji Tsalha maƙwabcina ne a layin 'yan hatsi, shago da shago, shekara goma sha tara ke nan. Mutum ne mai jiki, kuma da na ce mai jiki kara kawai na yi masa. In ya zauna a benci, mu sai dai mu nemi buhu. A kasuwa an san shi da wata doka da ba ya takawa: duk ranar da 'yan dako suka yi ƙaranci, ba a sauke masa mota gaba ɗaya. Sai ya tsaya a bakin sito ya dubi waɗanda suka fito, ya ce a sauke rabi, rabi ya kwana a mota, shi ba zai karya bayan 'ya'yan mutane ba. Yana ji da wannan doka ƙwarai, har gida yake kai labarinta, iyalinsa duk sun haddace ta tsaf.

To, tun da likita ya ce jininsa ya hau, maiɗakinsa Hajiya Tasalla ta sa shi a gaba. Malmala uku ta koma ɗaya. Man shanu ya shiga kabad, mabuɗin ya shiga bakin zani. Wata huɗu bawan Allah yana cikin wannan hali, in mai tsire ya wuce sai ya raka shi da ido har ya sha kwana. Wallahi tausayi yake ba ni. Ni ma dai abin ya taɓa ni, don duk Juma'a a gidansa nake cin abincin rana.

Ana nan sai ga wani malamin jami'a, Malam Zayyanu, ya shigo kasuwa da farar riga da 'yar kula mai ƙanƙara ta ajiye jini, yana neman masu ƙiba da za su ba da jini don bincike. Bai sha wahalar cigiya ba, duk wanda ya tambaya shagon Alhaji yake nuna masa.

Alhaji ya ce, "Malam, jinin da ake haɗa mini da malmala ɗaya, shi za ka zo ka ɗiba? Me ma za ka yi da shi?"

Malam Zayyanu ya dubi masu sauke buhunan gero, ya ce, "Baba, ka ga kowace jar ƙwayar jini a jikinka, ɗauke ta kamar sito. A bakin ƙofarta akwai 'yan dako, aikinsu shigar da wani sinadari da ake kira fotashiyam, su fitar da gishiri waje, ba hutu. Aikin nan kuwa yana ƙona abincin da mutum ya ci. Muna zargin a jikin masu ƙiba 'yan dakon ba su da yawa, shi ne muke son mu ƙirga."

Alhaji yana jin an ambaci 'yan dako ya miƙa hannu da kansa.

Bayan mako biyu malamin ya dawo da sakamako. Ya ce lallai 'yan dakon Alhaji sun gaza na sirara, kuma waɗanda ke nan ɗin ma tafiyar hawainiya suke yi.

Alhaji ya zabura, benci ya yi ƙara. "Wato ba cina ba ne! Abincin ne ba ya samun masu ƙona shi!"

"A'a Baba, ban ce ba. Har yanzu ba mu gano ko ƙibar ce ke rage su, ko ƙarancinsu ne ke kawo ƙibar ba."

Rabin maganar na ƙarshe kaɗai ya shiga kunnen Alhaji. Ya ce a rubuta masa a takarda, a buga hatimi. Ya kai aka manne ta da leda kamar takardar fili. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci ya ja hannuna, ya ce yau zan ga yadda ake ƙwato 'yanci, in zo in zama shaida. A hanya har sabuwar kwalbar man shanu ya saya ya cusa a aljihun babbar riga. Ni kuwa tun safe na ƙi karyawa.

Muka zauna a falo. Hajiya ta yi sallama, ta dire tire: tuwon dawa malmala ɗaya ta Alhaji, ɗaya tawa, miyar kuka ko maiƙo babu. Alhaji ya yi gyaran murya, ya zaro takarda ya ɗaga sama.

"Hajiya, wata huɗu kina zaluntata a kan laifin da ba nawa ba. Ga shi nan daga jami'a, da hatimi. 'Yan dakon da ke cikin jinina ne ba su da yawa, su ne ba sa ƙona abincin. Bakina ba shi da laifi ko kaɗan. Saboda haka daga yau a dawo mini da malmalata uku."

Ya ciro kwalbar man shanu ya dangwarar da ita kusa da kwano. Ni na gyara zama.

Hajiya ta karɓi takardar, ta juya gaba, ta juya baya, ta dube ni. "Malam, a gabanka aka faɗa? Da gaske sun yi ƙaranci?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa Hajiya, da kunnena na ji. Har ma an ce sauran a gajiye suke."

"Ayya," in ji ta. "Allah sarki, bayin Allah."

Ta sa kwalbar a hamata, ta ɗauki mara, ta raba malmalar Alhaji gida biyu, ta kwashe ɗaya.

Alhaji ya daka tsawa, "Ke Hajiya, mene ne haka?"

Ta ce, "Ai dokarka ce, Alhaji. A sauke rabi, rabi ya kwana a tukunya. Ni ba zan karya bayan 'ya'yan mutane ba."