Tumatirin da ya fi ni tsayi

Ba zan taɓa mantawa da daminar shekarar saba'in ba, wadda ta biyo bayan korar baƙi da gwamnati ta yi daga ƙasar. Ruwa ya sauka sosai, amma unguwarmu Zango ta yi shiru, ɗakuna da yawa a garƙame. A gidanmu na haya, Yarabawan ɗakin baya sun tafi sun bar ɗan filin da suke shanya. Aka raba mana shi biyu, ni da maƙwabciyata Mma Ayishetu, Badagomba mai sayar da koko, aka kafa tsohon langa-langa a tsakani.

Ita ta fara shuka tumatir. Ban damu ba, sai ranar da ta aiko mana da jajaye cikin kwano. Malam, maigidana, ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa ya ce, "Kai, baiwar Allahn nan hannunta da albarka yake." Tun da na shigo gidansa nake tuƙa masa tuwo, bai taɓa faɗin haka a kan nawa hannun ba. Na yi murmushi na ce, "Ƙwarai kuwa." (Ni ba mai faɗa ba ce, amma miyar ranar ta sha gishiri.)

Na matse nunannen tumatir na shanya irin, na yafa a tsohon daro, da ya yi 'yan ganye na dasa. Na zuba busasshen kashin kaji, na kafa sanduna. Duk wannan ta hujin langa-langa na koya. In tambaye ta? Allah ya kiyaye. Kullum da safe ina hango ta sunkuye tana tsinke wani abu da farce tana yarwa. Nisa ya hana ni ganin ko mene ne. Na duba nawa, ban ga abin tsinka ba sai 'yan furannin nan masu ruwan ɗorawa. Na ce, to, ashe asirin ke nan. Daga ranar fure bai ƙara wuni a gonata ba.

Tumatirina ya yi kore shar, ya wuce kaina. Ɗa ko ɗaya babu, amma na ce babban kaya sai a hankali. Har a bakin famfo na buɗe baki na ce idan 'yata Hadiza ta sauka, ba za mu taka kasuwa neman tumatirin suna ba. Magana kuwa ta yi ƙafa har unguwar Krofrom, wurin Hajiya, uwar mijin Hadiza.

Hadiza ta haihu a ɗakina. Ana gobe suna na yi niyyar zamewa kasuwa a ɓoye, ina yafa mayafi sai ga Hajiya da mata a bayanta, da daro a hannu.

"Maman Hadiza, kai mu gonar nan da ta cika gari."

Muka je. Hajiya ta ɗaga ganye ta leƙa, ta zagaya ta sake leƙawa. "Ikon Allah. Ina 'ya'yan? Ko miyar ganye za mu yi wa baƙi?"

Mma Ayishetu ta leƙo ta saman langa-langa. "Ni ma abin yana ba ni mamaki, 'yar'uwa. Me kike yi masa?"

"Abin da kike yi wa naki," na ce, har da ɗaga kai. Na sa farce na tsinke fure a gabansu, na yar.

Mma Ayishetu ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah! Furen ai shi ne ɗan! Ni 'yan tohon nan da ke fitowa a hammatar ganye nake cirewa, don kada su shanye masa ƙarfi."

Hajiya ta yi dariya har ta zauna a kan daron. "Kin hana shi ɗaukar ciki, kina jiran suna!" Matan suka ɗauka, har mai jego ina jin tata daga ɗaki. Da ƙasa ta tsage da na shige. Mma Ayishetu ta karɓi daron ta ciko shi daga nata. (Wannan kirkin ya fi dariyar ƙona ni, Allah ya yafe mini.)

Na gane mai leƙe hannu kawai yake gani, abin da ke cikin hannun sai ya tambaya. Washegari, tun kafin masu suna su fara sallama, na zagaya ta ƙofa kamar mutane, na tsuguna kusa da ita na ce, "Mma, nuna mini hammatar nan."