Sandunan Sabulun Inna

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta da bikin yayata Hadiza ba, a gidanmu na tsohon garin Keffi. Lokacin ban daɗe da gama karatun koyar da lissafi ba, kaina ya kumbura, ko gishiri za a auna sai na sa baki.

Inna, mahaifiyarmu, ta tanadi sandar sabulu ashirin da za a raba wa matan da suka taya aiki, kowacce rabin sanda. Ta ce, "Malama, duba mana mutum nawa zai isa." (Malamar nan da zolaya take faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske.)

Na zaro biro da takarda a tsakar gida, mata sun zuba ido. Ashirin a raba da ɗaya bisa biyu. Ƙa'idar ita ce ka juya ɗaya bisa biyun ya koma biyu, sannan ka ninka. Ni dai na ninka, juyawar ce na manta.

"Mutum goma," na ce da ƙarfi. "Sauran sai haƙuri."

Mata talatin da wani abu ne suka yini a bakin murhu. Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba da ta taso tun daga Agwada, ta fara laluben takalmanta. "To, mu baƙi bari mu kama hanya, 'yan gida su samu."

Sai Inna ta matso kusa da ni. Ta ɗauko zare, ta yanka sanda ɗaya biyu, ta ɗora mini a tafin hannu.

"Nawa ne wannan?"

"Biyu."

"To sanda ashirin fa, Malama?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya, har da guɗa. Na ji kamar in shige tukunyar shinkafa in ja murfi. Kowa ta samu, har da ragowa, Gwaggo kuma ta ƙara kwana biyu tana kirana Malama Goma.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Inna, kuma wallahi ina kewarta, har zolayar. Yanzu duk ranar da zan koyar da wannan darasi, da sabulu da zare nake shiga aji, don na daina yarda da biro shi kaɗai. Ɗalibai suna cewa dabarata ce. Ni kuwa ƙanshin hannun Inna nake ji.