Lahadin da Na Ba da Mama a Cikin Talbijin

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na miƙe a gaban dukan ikilisiyarmu, ga hawaye ga majina, na sanar da su cewa ni ne nake kashe uwata ba. Shekaruna goma sha uku a lokacin, wajen 1995, muna zaune a Kafanchan. Baba yana aiki a tashar jirgin ƙasa, Mama tana sayar da doya a kasuwa, ni kuma ko kaza ban taɓa yankawa ba. Amma ranar babu wanda ya isa ya gaya mini cewa ni ba maye ba ne. Kuma duk abin da ya jawo mini wannan, gem ne na talbijin, gem ɗin ma wanda ba shi da wani daɗi.

Na abokina Nura ne, ɗan Alhajin da ke sayen citta a layin bayan namu. Wansa ya kawo masa daga Legas: ɗan akwati ruwan toka da ake jona wa talbijin, da abin dannawa, da kaset uku. Na ƙwallo da na tseren mota manyan yara suka ara, ba mu sake ganinsu ba. Wanda ya rage mana shi ne wanda kowa ya ƙi. Wai kai jarumi ne, sarki ya aike ka ka kashe dodon da ke cikin kogo. Da jin labarin sai ka ɗauka abin kirki ne. Taku uku jemage ya tare ka, ka kashe shi, ka ƙara taku uku ƙanensa ya tare ka. Kiɗan ɗaya ne tal, yana ta maimaita kansa har Hajiyar su Nura ta ce in ba mu rage ƙara ba za ta jefa akwatin a rijiya. Mutanen ƙauyukan ciki kuwa ga surutu, kowa ka taɓa sai ya zubo maka Turanci layi-layi. Mu dai dannawa muke yi har maganar ta wuce. (Na daɗe ina cewa gaggawa ce ta hana ni karantawa. Gaskiyar ita ce Turancina a lokacin bai wuce na gaida malami ba.) Duk da haka kullum ina can, don hutun damina ne, kuma babu wani gem ɗin a unguwar.

A farkon wasan ana sa suna. Jarumin na sa masa nawa. Akwai wata mace da ke bin sa a baya, aikinta ta warkar da shi in an ji masa ciwo. Nura ya ce in sa mata sunan wata 'yar ajinmu, na ce Allah ya kiyaye. Na tambayi kaina, wa ke ba ni magani in ba ni da lafiya? Sai na bi harafi ɗaya-ɗaya na rubuta SARATU, ainihin sunan Mama, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba. Har wani daɗi na ji, ina ganin na karrama ta.

Ranar wata Laraba da la'asar muka shiga kogon. Wani abu mai kama da ƙadangare ya fito ya watsa mana wuta sau biyu. Ni na tsira da ƙyar. Sai sunan Mama ya koma ja, lambar da ke gefensa ta zama sifiri, matar ta ɓace, wani ɗan akwatin gawa ya maye gurbinta yana bin jarumin a baya. Nura ya ce, "Kai, ka kashe tsohuwa." Muka yi dariya, muka ajiye wasan a inda ya tsaya, na tafi gida na ci tuwona na ƙoshi.

Ranar Alhamis da safe Mama ba ta tashi ba.

Matar da ke riga zakara tashi, na same ta a ƙudundune cikin bargo biyu, haƙoranta suna haɗuwa, jikinta zafi rau. Baba ya ce maleriya ce, ya kira mai kemis ya yi mata allura. Ni ma da farko na yarda. Amma ya kamata ka san shekarun da muke ciki. A lokacin babu maganar da ta kai ta ƙungiyar asiri tashe a wajenmu. A makaranta ita ce, a coci ita ce, a bakin famfo ita ce. Ana cewa yara ake shigarwa ba tare da sun sani ba, daga baya a ce su ba da wani a gida. Kowa ya san wani wanda ya san wani yaron da ya ba da kakarsa a Kagoma ko a Madakiya. Ranar Juma'a matan zumunta na cocinmu suka zo yi wa Mama addu'a, ina tsaye da kofin ruwa a hannu, sai wata daga cikinsu ta rage murya ta ce, "Wannan ciwo ba na kemis ba ne. Akwai hannu a ciki. Yanzu yara ne suna ba da iyaye." Ba ni take kallo ba, bango take kallo. Amma kofin ya suɓuce mini, na tuna jan sunan nan da akwatin gawa. Laraba ta mutu a talbijin, Alhamis ta kwanta a gida. Me ya rage a yi mini bayani?

Na ruga gidan su Nura, na tarar an ɗauke wuta. Na koma da yamma, ba a kawo ba. Ranar Asabar aka kawo, na zauna a ƙasa gab da talbijin ɗin. Duk wani ganye da kwalbar magani da jarumin ke ɗauke da su na gwada a kan akwatin, babu wanda ya yi aiki. Na zaga daji, na koma bakin kogo, akwatin yana bi na duk inda na juya. Ban gaya wa Nura abin da ke damuna ba, kunya da tsoro suka rufe mini baki. Shi kuwa ya gaji, ya yi hamma, ya miƙo hannu ya ce mu goge kawai mu fara sabo. A goge sunan Mama. Na damƙe hannunsa da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na roƙe shi don Allah don Annabinsa kada ya taɓa komai. Ya dube ni kamar na taɓu, ya ce to ya ji. Da na koma gida na tarar Mama ta yi amai, ko kunu ta kasa sha. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta ina ƙirga numfashinta, na kasa shiga, don ina tsoron in ta dube ni za ta gane.

Ranar Lahadi muka bar ta a kwance muka tafi coci ni da Baba. Kamar haɗin baki, ranar baƙon mai wa'azi aka kawo, kuma a kan ƙungiyar asiri ya yi magana. Ya ce su ba sa neman komai a wurinka sai suna. Za su fara rubuta naka, sannan su ce kawo na wani a gidanku, kuma wanda ka fi ƙauna suke so. Ya ce akwai yaro a cikin majami'ar nan da zuciyarsa ke bugawa yanzu haka, in ya fito ya tuba za a ceci wanda ya bayar, in ya yi shiru jinin yana kansa. Tawa zuciyar kuwa har a kunne nake jin ta. (Daga baya na gane cewa kowane yaro a wurin zuciyarsa bugawa take yi. Ni kaɗai ne wawan da ya tashi.)

Ban san lokacin da na isa gaba ba. Aka kara mini makirfo a baki, na ji muryata ta cika cocin: "Ni ne na ba da Mama na. Na rubuta sunanshi. Ya mutu ranar Laraba, yanzu yana cikin akwati."

Mata suka fashe da kuka, don wasu sun ɗauka rasuwar ake sanarwa. Baba, wanda ya bar matarsa da rai awa biyu da suka wuce, ya miƙe tsaye ya kasa gaba ya kasa baya. Mai wa'azin ya dafa kaina, ya tambaye ni ina muke taruwa. Na ce a cikin talbijin. Ya tambayi wane ne shugabanmu. Na ce ban kai wurinsa ba tukuna, amma yaronsa wani ƙadangare ne mai fitar da wuta. A nan ne na ji wani saurayi a bencin baya ya tuntsire da dariya, aka zungure shi, na kusa da shi ya karɓa. Fastonmu, dattijo mai sanyin hali wanda ya taɓa koyarwa a firamare, ya zo ya karɓi makirfon, ya ce a yi waƙa, shi zai ji da wannan maganar da kansa.

Bayan an tashi muka kama hanyar gidan Alhaji, Fasto a gaba, Baba a baya, ni a tsakiya, rabin yaran cocin suna bin mu daga nesa. Kada ka ɗauka dariyar nan ta kwantar mini da hankali. Har a lokacin addu'a nake yi kada a ɗauke wuta, kada mu makara. Alhaji ya tarbe su da mamaki, aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi aiki da kasuwa da mai jiki, ni kuma ina tsaye ina ji kamar in yi ihu. Da Baba ya faɗi abin da ya kawo su, yana magana yana kallon ƙasa, Alhaji ya shafa gemu ya sa aka kira Nura ya kunna.

Fasto ya sa tabarau, ya jawo kujera, ya ce in mayar da jarumin ƙauyen farko, kuma duk wanda na taɓa in tsaya ya karanta. Na farko kukan tsadar takobi yake yi. Ta biyu kyanwarta ce ta ɓata. Sai muka shiga wani ɗan gida da na wuce ya fi sau hamsin, akwai tsoho mai farin gemu a ciki. Fasto ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Ɗana, wannan mutumin tambayarka yake yi ko kana so ya tashe ta."

Ya karɓi abin dannawar ya danna sau ɗaya. Aka yi wani ɗan kiɗa, akwatin ya ɓace, matar ta tsaya a bayan jarumin kamar ba abin da ya faru. Kwana uku ina mutuwa a tsaye, ashe maganin yana rubuce a gabana. Alhaji ya ce, "Fasto, ashe da aikinka ka zo mana." Suka yi ta dariya har Fasto yana share ido. Baba ne kawai bai yi ba. Ya matso kusa da talbijin ɗin, ya tambayi Nura me ya sa jarumin ke ƙyalli ita kuma matar ba ta yi. Nura, abokin amana, ya zayyana masa komai: wai duk zinariyar da muka samu ni na kashe wa kaina, na sayi hular ƙarfe da rigar ƙarfe da garkuwa da takalmi, ita kuwa tun farkon wasan da zani ɗaya da sanda take yawo, shi ya sa wuta biyu ta gama da ita.

Da muka isa gida muka sami Mama a zaune a bakin ƙofa, zufa ta karyo mata, allura ta uku ta yi aikinta, tana shan kunu a hankali. Na ji kamar in faɗi don murna. Labari ya riga mu zuwa ta bakin matan zumunta, Baba kuma ya cike mata inda suka rage. Na durƙusa ina jiran duka. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta ajiye kofin ta dube ni daga sama har ƙasa.

"An ce kai ka sa rigan ƙarfe, da hula, da takalmi. Ni kuma ka kai ni wurin dodo da zani ɗaya."

Ta sake ɗaukar kofinta.

"Ba komai," in ji ta. "Na ga yadda tsufana zai zama."

Da ta zane ni da ya fi mini sauƙi. Abin da na koya shi ne, in za ka tuba a gaban jama'a, ka fara bincika ko laifin da ka ɗauko shi ne naka. Ni maita na amsa, aka wanke ni cikin awa ɗaya. Da rowa aka kama ni, kuma wannan shari'ar har yau ba a rufe ta ba. Ga ni da furfura a gemu, amma ko silifas ba na iya saya wa kaina sai na aika wa Mama nata tukuna.