Babur Ɗin Marigayi Ya Sake Magana

Tun rasuwar mai gidan, babur ɗinsa yake jingine a ɗakin tarkace, tsatsa na cinsa, kaji na kwana a kai. Da 'ya'yansa suka ce a ba masu sayen ƙarafa, sai jikansa bakanike ya ce a bar masa. Ya tura shi garejinsa, ya yi ta fama har aka manta da zancen. Ran nan da hantsi ya sa aka ɗauko masa kakarsa. Ta shigo tana dogara sanda, tana tsallake baƙin mai, ya gaishe ta.

"Lafiya lau, ban da warin nan," in ji ta. "Nan kake yini? Shi ya sa har yau ba wadda ta yarda ta aure ka."

"Ke kike korar su, tsohuwa. Duk wadda ta ga matata ba haƙori sai ta ɗauka duka nake yi."

"Rufe min baki, mijin banza! Ni gadon kajina na zo karɓa. Tun da ka sace shi ba su ƙara yin ƙwai ba."

"Ƙwan da na tarar a cikin salansa ma ya girme ni. Fitilar kuwa ɓera ya tara iyali a ciki, har da jikoki."

"Ko su sun fi ka zuciya, sun yi aure."

Ya yi dariya, ya kama bakin tamfol ɗin da ke tsakiyar garejin, ya yaye.

Tsohuwa ta tsaya cak. Baƙin tanki yana sheƙi, da siririn zanen ruwan zinariya a gefensa. Salansa kamar madubi. Kujerar fata ce sabuwa, amma ɗinkin irin na dā. Ta zagaya shi a hankali, ta miƙa hannu, ta janye.

"Wannan ba shi ba ne. A ina ka sato?"

"Duba gefen tankin ta hagu."

Ta sunkuya. Wata 'yar lotsawa ce, an bi ta da fenti amma ba a buge ta ba.

"Duk sauran na gyara, wannan na bari. Baba ya ce aikinki ne."

"Ubanka maƙaryaci ne! Bishiyar ce ta shigo gabana."

"Au, dā ma da gaske kin taɓa tuƙa shi?"

"Kakanka ya koya min a bayan gari, yana bina da gudu yana salati. Lokacin ko labarinka babu." Ta sa yatsa cikin lotsawar. "To yana tashi, ko ado ne kawai irin gemun nan naka?"

Bakanike ya daina dariya. "Ban gwada ba, Kaka. Ni ban taɓa jin muryarsa ba, ke kika fi kowa saninta. In kika ce ba ita ba ce, kwance injin zan yi in sake."

Ya hau, ya haɗa wasu wayoyi biyu, ya buga kik. Shiru. Ya sake, babur ya yi tari ya mutu.

"Ƙafar ke nan? Sauko in buga maka, kar ka karye in rasa mai yi min cefane."

Ya ciji leɓe, ya miƙe tsaye, ya sauke duk nauyinsa.

Sai ga shi ya kama. Murya ce mai kauri, dum, dum, dum, a natse, ba irin kukan baburan yanzu ba. Sifanu suka shiga rawa a kan tebur. Mai walda na maƙwabta ya kashe wutarsa ya leƙo, mai faci ya taho da taya a hannu.

Tsohuwa ta lumshe ido. Sandarta ta faɗi, ba ta ma sani ba.

"Ikon Allah," ta ce. "In kakanka ya dawo, tun daga kan kwanar layi nake jin wannan. Ina ji sai in ɗora ruwa, yara su ruga ƙofa. Ashe muryar tana nan cikin ƙarfen, mu ne muka zata ta bi shi."

"Ita ce, Kaka?"

"Ita ce. Har 'yar shaƙewar."

"Kuka kike yi, amarya?"

"Hayaƙinka ne, shashasha!" Ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙura wa hannunsa ido. "Me ya sa kake tayar da shi da waya kamar ɓarawo?"

"Makullin ya ɓata tun kafin a haife ni."

"Wa ya ce maka?"

Ta zaro 'yar jakar da ke rataye a wuyanta, ta kwance, ta fito da wani ƙaramin makulli da goga ta mai da shi fari. Ya kashe injin, ya karɓa da hannu biyu, ya zura. Ya murɗa, makullin ya juya ƙas.

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na zuba.

"Shi ke nan, ka ci. Riƙe shi, naka ne. Amma matsa gaba in hau, kuma ka bi hanyar da ba bishiya."